MASHAYI BA YA FITA SHI KAƊAI: Yadda ake neman zaman masu taimakon juna wajen barin giya



'Yan uwa masu albarka, yau za mu taɓo maganar da ba a cika yin ta a fili ba, amma tana cin gidaje da yawa. A gidajen Musulmi ma akwai masu shan giya. Akwai maigidan da ke ratsewa a hanya bayan an tashi aiki, ya shigo gida yana tauna kanumfari don kashe wari. Akwai saurayin da ya fara da 'yar ƙaramar leda a tasha. Akwai wanda ya fara da kwalbar nan mai ɗaci da ake tallatawa a matsayin maganin basir ko na ƙarfin maza, bai san cewa wasunsu barasar da ke ciki ta kai ta giya mai ƙarfi ba. Har a cikin mata ana samu, sai dai nasu ya fi ɓoyuwa.

Shi mashayin ya san haramun ce. Ya sha yin kuka a sujada, ya sha rantsuwa cewa ya bari, bayan mako biyu ya koma. Ba wa'azin haramci ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne mutumin da zai gaya wa gaskiya ba tare da labarin ya zaga unguwa ba. Don wannan giɓin aka kafa zaman masu taimakon juna, wato taron waɗanda giya ta taɓa kamawa, suna haɗuwa a kai a kai suna riƙe hannun juna.

*ME YA SA NIYYA KAƊAI TAKE GAZAWA?*

Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwar sai ta ƙara ƙaimi don ta rama dannewar, har ta saba da aiki a haka. Ranar da giyar ta ɗauke, ƙaimin nan yana nan, babu abin da ke riƙe shi. Shi ke kawo rawar hannu, gumi, faɗuwar gaba da rashin barci. Mutum ya sake sha don ya samu sauƙi, sai igiyar ta ƙara ɗaurewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kimanin mutum miliyan 209 a duniya ta riga ta kama su har ba sa iya rabuwa da ita.

Mu duba yadda addininmu ya bi da al'ummar farko. A mataki-mataki haramcin ya sauka: a Suratul Baƙara aka nuna cutarwarta ta fi amfaninta, a Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan a Suratul Ma'ida aka yi umarni da a nisance ta gaba ɗaya. Da umarnin ƙarshe ya zo, Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labarin yadda aka zubar da ita har ta kwarara a hanyoyin Madina. A jama'ance suka bari, kowa yana ganin ɗan uwansa yana zubar da tasa. Mashayinmu na yau kuwa shi kaɗai yake fama a ɗaki, abokan da ya sani duk na wurin shan ne.

*ASIBITI TUKUNA, KAFIN KOMAI*

Wannan sashen don Allah a karanta shi sau biyu. Wanda ya daɗe yana sha kullum, musamman wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa yake daina rawa, kada ya yanke ta lokaci ɗaya shi kaɗai a gida. Yankewar farat ɗaya tana iya kisa.

Alamomin sukan fara ne tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. A kwana biyun farko ana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ganin ƙwari ko macizai a bango, rashin gane mutanen gida. Sau da yawa idan aka ga haka sai a ce aljanu ne, a rufe shi a ɗaki ana turare. A yi masa addu'a, amma a mota, a hanyar asibiti. Haka kuma a kula da farkon Ramadan, lokacin da wasu ke yanke ta kwatsam saboda alfarmar watan. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai a ga likita tun a Sha'aban.

A asibiti ana ba da maganin da ke kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki ana rage shi a hankali, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, kuma a duba hanta. Daga baya akwai magungunan rage sha'awar giya da likita kan rubuta. Zuma, habbatussauda da man zaitun suna da albarkarsu, za su iya shiga abincin mai jinya, amma babu ɗayansu da ke hana jijjigar yankewar giya. Sannan wanda ke haɗa giya da tiramadol, kodin ko ƙwayar barci ya gaya wa likita ba ɓoye-ɓoye, domin haɗin yana iya tsayar da numfashi.

Asibiti yana fitar da giya daga jiki cikin kamar mako guda. Aikin da ya rage, wato zama ba tare da ita ba wata da watanni, a nan ne zaman 'yan uwa yake shigowa.

*DAGA INA WANNAN TSARI YA FARO?*

A shekarar 1935, wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron da ke jihar Ohayo ta Amurka. Watanni kaɗan ke nan da barinsa giya. Harkar da ta kai shi ta lalace, ya tsinci kansa a otal ga mashaya a gefe. Maimakon ya shiga, sai ya kama buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Abin da suka gano shi ne, mashayi yana sauraron mashayi irin sauraron da ba ya yi wa kowa, kuma mai ba da taimakon shi ma tsira yake yi. Ranar 10 ga Yuni 1935, wadda ake lissafawa a matsayin ranar shan Dakta Bob na ƙarshe, ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba a bayyana sunansu, AA a taƙaice. Yau tana da zama a ƙasashe kusan 180.

Wasu ƙungiyoyin sun biyo baya. Al-Anon ta iyalan mashaya a 1951. Narcotics Anonymous ta masu shan ƙwaya a 1953, wadda ta yi ƙarfi sosai a ƙasar Iran. Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a birnin Baltimo na Amurka a 1989, suka gina matakan a kan tauhidi, tuba da salla. Sai SMART Recovery a 1994, wadda ke amfani da dabarun likitocin halayya.

Yana aiki kuwa? A 2020 cibiyar Cochrane, mai tattara binciken likitoci tana auna ingancinsu, ta duba bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Ta gano cewa idan ma'aikatan lafiya suka shigar da mutum AA bisa tsari, kimanin 42 cikin 100 suna cika shekara ba su sha ba, alhali a sauran hanyoyin jinya da aka gwada kimanin 35 ne. Ka ga ba tsafi ba ne, fiye da rabi sun yi tuntuɓe a hanya. Amma tsari ne na kyauta da ya yi kafaɗa da jinyar da ake biyan kuɗi, har ya ɗara.

*YADDA ZA KA NEMO ZAMA*

Gaskiya irin wannan zama bai yawaita a garuruwanmu ba, kuma ba a kafa masa allo a bakin titi. Sai an tambaya. Ga inda za a fara:

1. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos suna da wannan sashen. Ka cire kunyar sunan "asibitin mahaukata". Masu rashin barci da masu damuwa ma can suke zuwa. Ka tambayi likita, nas ko jami'in walwala kai tsaye: "Akwai zaman rukuni na masu barin shaye-shaye a nan, ko kun san inda ake yi?" Riƙe sirrin majinyaci wajibi ne a aikinsu.

2. Ofishin hukumar NDLEA na jiharku. Ban da kame, suna da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma sukan san wuraren da ake turawa.

3. Intanet. Ka rubuta sunan ɗaya daga ƙungiyoyin da muka ambata tare da sunan garinku ko ƙasarku. Akwai zaman da ake yi ta Zoom dare da rana, mafi yawa da Turanci, akwai na Larabci da na Faransanci. A da yawansu za ka iya kashe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama, ka saurara kawai. Ka lura da bambancin agogo tsakanin ƙasashe, ka sa abin sauraro a kunne.

4. Wanda ka san ya taɓa sha ya bari. Kusan kowace unguwa akwai shi. Ka same shi a keɓe ka ce, "Yaya, ya aka yi ka fita?"

Kafin ka je, ka tambayi rana da lokaci, da harshen da ake yi da shi, da kuma ko zaman buɗaɗɗe ne ko rufaffe. Buɗaɗɗe kowa na iya halarta, har matarka ko ɗan uwanka ya raka ka. Rufaffe na masu son barin shan ne kaɗai. 'Yar uwa mace ta tambaya ko akwai na mata zalla, ana yin su, musamman ta intanet.

A kuma san alamomin wurin da za a guje wa: inda ake neman kuɗi masu yawa kafin a zauna, inda ake ɗaukar hoto ko bidiyo, inda ake cewa ka zubar da maganin likita, da inda ake ɗauri da duka. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka gano a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta taɓa ƙishirwar da ke cikin kai.

*ABIN DA ZA KA TARAR RANAR FARKO*

Mafi wuya shi ne shiga ƙofar. Ka je da ɗan sauran lokaci, ka ce wa wanda ka fara gani, "Yau ne zuwana na farko." Ba rajista, ba katin shaida, ba a tambayar sunan mahaifi ko wurin aiki. Sharaɗin shiga AA ɗaya ne tak: kana son daina sha. Ba a biyan kuɗi. Akan zagaya da ɗan kwano don kuɗin ɗaki da shayi, in ba ka da shi ka miƙa gaba.

Zaman yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Mai jagoranta shi ma tsohon mashayi ne. Za a karanta ƙa'idoji, sannan mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa a kan kansa: yadda ya kasance, abin da ya faru, da inda yake yau. Ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani ko a yi masa faɗa. In layi ya zo kanka ba ka shirya ba, ka ce, "Yau saurare zan yi." Shi ke nan. Abin da aka faɗa a ɗakin da wanda aka gani a ɗakin, duk a nan ake barin su. In ka haɗu da wanda ka sani, ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi.

Za ka ji suna cewa yau kaɗai ake ɗauka. Ma'ana kada ka ɗora wa kanka nauyin "har abada", ka dai kai wannan daren ba ka sha ba. Za su ba ka lambar waya. Karɓi, kuma ka kira kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Bayan 'yan makonni za ka zaɓi wanda ya daɗe da bari ya zama mai riƙe hannunka, namiji ga namiji, mace ga mace. Suna kuma jan kunne kan abubuwa huɗu da ke mayar da mutum: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Ka je sau biyar ko shida, in da hali ka gwada wani rukunin. A watannin farko, gwargwadon yawan zuwanka gwargwadon ƙarfinka.

*TAMBAYOYIN DA MUSULMI ZAI YI*

"Ba tona asirin kai ba ne, alhali Allah Ya rufa min?" Abin da aka hana shi ne bayyana saɓo don alfahari ko rashin kunya. Faɗin matsala ga likita, ga malami mai fatawa ko ga wanda zai taimake ka ka fita, neman magani ne. Kuma ba dole ka zayyana komai ba, ka faɗi iya abin da zai amfane ka.

"An ce a coci ake yi." A ƙasashe da dama ɗakin coci, makaranta ko asibiti suke haya saboda sauƙin kuɗi. AA ba ta ƙarƙashin wani addini, kodayake waɗanda suka kafa ta sun fito ne daga al'ummar Kirista, kuma a wasu rukunonin ana rufewa da addu'ar Kirista. Babu mai tilasta ka. Ka yi shiru ka yi taka. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka nemi na asibiti ko na Millati Islami.

"Matakan nan 12 fa?" A dunƙule, mutum ya amsa cewa abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi yafiyar waɗanda ya cuta ya mayar da haƙƙinsu, ya dage da addu'a, sannan ya taimaki wani. Duk ɗalibin da ya karanta sharuɗɗan tuba zai ga abin da ya sani. Kai da ka san Ubangijinka da sunayenSa, Shi za ka nufa. Inda wata kalma ta shige maka duhu, ka kai wa malami mai riƙon amana.

*UWARGIDA DA SAURAN IYALI*

Baiwar Allah, ba ke kika jawo ba, kuma ba za ki iya bari a madadinsa ba. Ki yi masa magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba da tsakar dare yana tangaɗi ba. Ki faɗi abin da kika gani da abin da kike tsoro, ki ce za ki raka shi asibiti. Ki daina biyan bashin mashaya, ki daina yi masa ƙarya a wurin aiki, domin rufa asiri daban, share wa ciwo hanya daban.

Kada ki zuba masa wani magani a abinci a ɓoye. Akwai ƙwayar da in ta haɗu da giya take kawo amai, faɗuwar hawan jini da rikicewar zuciya, ba a shan ta sai da sanin mai sha da kulawar likita. In akwai duka, ki fara tsare kanki da yara, ki sanar da waliyyinki ko wani babba. In ya fara maganar kashe kansa, ranar za a kai shi asibiti. Ke ma kina buƙatar inda za ki sauke nauyi, don irinki aka kafa Al-Anon, kuma suna zama ta intanet.

*IN AN YI TUNTUƁE*

Komawa sha bayan an bari abu ne da ke faruwa da yawa. Haɗarin ya fi yawa a kunyar da ke biyo baya, wadda ke hana mutum komawa zaman. Ka koma washegari ka faɗi gaskiya, za ka tarar kusan kowa a ɗakin ya taɓa faɗuwa. Mu kuma na gefe mu tuna sahabin nan da Imamul Bukhari ya kawo labarinsa, wanda aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta laifin, ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

*IN BABU ZAMA A GARINKU*

A ƙa'idar AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don barin giya sun isa rukuni. Ku fara da halartar na intanet ku ga yadda ake yi. Ku nemi nas ko likitan ƙwaƙwalwa ya san da ku, saboda masu buƙatar asibiti. Ku samu ɗaki mai sirri, ajin Islamiyya bayan an tashi ko wani ofis a asibiti, ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya a mako, ko mutum biyu ne suka zo a zauna. A ajiye wayoyi, ba hoto, ba siyasa, ba rance tsakani. Liman ko mai unguwa da ya ba da ɗaki ya ba da makulli kawai, kada ya nemi sanin masu zuwa. Wannan ma sadaka ce mai gudana.

Ɗan uwa da kake karanta wannan saƙon gabanka yana faɗuwa, abu ɗaya muke roƙonka a wannan makon: ka gaya wa mutum ɗaya, likita ko wanda ya riga ka fita. Daga nan sauran za su biyo.

Allah Ya yaye wa duk wanda aka jarraba, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya shirya mana zuriya. Amin.

A tura wa sauran zauruka ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Mai buƙatarsa zai gane kansa.

Wassalamu alaikum warahmatullah.